Ciwon mafitsara ba tare da infekshan ba, wane magani zan fara da shi?

Maman Ilham:
Slm 'yan uwa, don Allah ina neman shawarar masu irin lalurata ko wanda ya san kan abin. Na daɗe ina fama da ciwon mara, da fitsari ya fara taruwa sai in ji kamar ana matse min wajen, in na yi ya ɗan lafa, jim kaɗan ya dawo, da dare kuwa ba a magana, hanyar banɗaki kawai nake bi har asuba. An yi ta ce min sanyi ne na sha antibayotik kala kala amma duk gwajin fitsarin da aka yi ba a ga ƙwayar cuta ba. Yanzu likitan mafitsara ya ce interstitial cystitis ne, ya ba ni zaɓi uku, ko amitriptyline da dare, ko Elmiron, ko a riƙa zuba min magani cikin mafitsarar ta siririyar roba. Wlh kaina ya kulle. Amitriptyline ɗin ba maganin masu damuwa ba ne? Ko yana nufin a kaina ciwon yake?

Uwar Biyu:
Wslm, sannu 'yar uwa Allah ya ba ki lafiya. A'a ba haka yake nufi ba sam. Asalinsa maganin damuwa ne gsky, amma a ɗan ƙaramin awo jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo yake kwantarwa, shi ya sa ake ba masu ciwon jijiya ma. Ni da 10mg aka fara min aka riƙa ƙarawa a hankali. Matsalarsa barci da bushewar baki, farko farko da safe jikina kamar an min duka, ga bayan gida ya yi tauri, wannan ki kula da shi sosai don in ciki ya ɗaure marar ma ƙara ciwo take. Amma na samu barci, a wajena wannan kaɗai ya biya. Kar ki yanke masa hukunci a satin farko, kuma in za ki bari kar ki yanke lokaci ɗaya sai da sanin likita.

Baban Sadiq:
Ni a famasi nake aiki, Hajiya kan Elmiron zan yi magana. Tun 1996 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan ciwon, ana shan 100mg sau uku a rana, kuma ba ya aiki da wuri, sai an yi wata uku zuwa shida kafin a san ko ya karɓi mutum, wasu ma shiru kake ji. Abin da ya sa likitoci suka fara ja da baya shi ne a 2018 likitocin ido suka ba da rahoton yana iya lalata tsakiyar idon masu shansa shekara da shekaru, karatu ya yi wuya, in an shiga duhu ido ya daɗe bai saba ba, har a 2020 aka saka gargaɗi a takardarsa. Ban ce kar ki sha ba, amma in za ki sha a duba idonki kafin ki fara kuma a ci gaba da dubawa. Yana ɗan tsinka jini ma, in kina shan wani maganin tsinka jini ki faɗa wa likitan. Ni dai da ƙanwata ce ba da shi za ta fara ba.

Anti Nas:
Duk kun tafi kan ƙwaya, ni tambayata an saka miki kyamara an leƙa cikin mafitsarar kuwa? Saboda akwai kaɗan daga cikin masu ciwon da ake samu da wasu jajayen miki a bangonta, Hunner ake ce musu, su maganinsu daban ne, ƙona wajen ake yi ko a yi masa allurar sitiroyid kuma suna samun sauƙi sosai ko da yake yakan dawo a maimaita. In kina da su kina ta haɗiyar ƙwaya ɓata lokaci ne. In kuma kin taɓa ganin jini a fitsari lallai a duba tsargiya da tsakuwa da ƙari tukuna.

Sannan abin da mutane ke rainawa, fiziyo na naman ƙasan mara. Da yawa naman wajen ne ya ɗaure tamau saboda daɗewa cikin ciwo, ƙwararriya za ta sa hannu ta lalubo inda ya ƙulle ta sassauta shi a hankali. Kar ki yi Kegel ɗin nan da ake koya wa masu jego, matsewa ce, ke kuma saki kike nema. Zuba maganin ba abin tsoro ba ne yadda kike zato, robar siririya ce, ana haɗa lidocaine mai kashe zafi da wani magani heparin ki riƙe na ɗan lokaci ki fitsarar. In ɗaya maganin zubawar da ake ce wa DMSO ne kam ki shirya, warin tafarnuwa za ki yi ta yi kwana ɗaya ko biyu, kuma zubin farko kan ɗan tayar da ciwon. Botox, allurar da ake yi wa bangon mafitsara, yana can gaba, shi haɗarinsa fitsari ya ƙi fita sai kin saka wa kanki roba.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Anti ba a leƙa ba wlh, zan tambaye shi. Kofi da shayi fa, na ji ana cewa suna tayar da ciwon, da gaske sai na bari?

Anti Nas:
Su da lemon kwalba, lemon zaƙi da na tsami, tumatir da yaji su ne suka fi tayar wa mutane, amma ba kowa ba. Ki ajiye su duka na sati biyu sai ki riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya kina rubutawa, har da sau nawa kika yi fitsari, ki tafi wa likita da takardar. Ruwa kuma kar ki rage don gudun banɗaki, fitsarin in ya yi kauri ya fi zafi.