Tsallaka iyaka a motar bas da kuɗi kaɗan: abin da matafiya suka ce

Yawancin waɗanda suka saba wannan tafiya sun ce ya fi arha ka hau mota zuwa bakin iyaka, ka tsallaka da ƙafa, ka kama wata. Sai dai mai kaya da yawa gara ya biya motar da ke wucewa kai tsaye.

Batun hatimi aka fi jaddadawa. Biyu ake bugawa: na fita da na shiga. Kafin ka bar tagar jami'in shige da fice, buɗe fasfo ka duba kwanan wata da kwanakin da aka ba ka, domin in babu hatimin shiga, a dawowa za ka iya shan tara. Ƙasashe da dama na son fasfo ya rage aƙalla wata 6, wasu kuma na neman katin rigakafin shawara.

Rubuta lambar motar, don direba ba ya jiran wanda layi ya riƙe. Fasfo, kuɗi da waya kada su shiga but.

'Yan canjin bakin iyaka farashinsu ba daɗi. Canza na mota da abinci kawai, ka ƙirga a gabansu. Tashi da asuba, tunda ba kowace iyaka ke aiki da dare ba.