Wai da gaske ruwan masai yana mayar da namijin kifi mata-maza?

Ɗan Agege:
Salamu alaikum. Sana'ata bandar kifi ce a Legas, ina saro gargaza wurin masuntan bakin lagon, wato babban tafkin Legas da ke haɗe da teku. Ƙanena da ke jami'a ya zo hutu ya ce mani wai ruwan masan da ake zubawa a teku yana lalata namijin kifi, har a sami ƙwai a cikinsa. Maganar ta tsaya mani a rai, domin da idona nake ganin motocin kwasar masai suna juye kayansu cikin ruwa, kusa da inda ake jefa koma. Don Allah masu ilimi, gaskiya ne? Wanda ya ci kifin fa?

Baban Amira:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙanenka bai yi ƙarya ba. Fannin kifi na karanta, kuma wannan batu ya daɗe yana damuna.

A Ingila aka fara gane abin sosai. A farkon shekarun 1990 an sa mazan kifi cikin keji, aka ajiye su daidai inda ruwan masan gari ke shiga kogi bayan an tace shi. Cikin 'yan makonni sai aka sami wani furotin a jininsu wanda hantar mace ce ke yin sa, shi ne yake zama gwaiduwar ƙwai. Namiji ba shi da abin da zai yi da shi. Daga baya aka duba wani faffaɗan kifi mai kwanciya a taɓon ƙasan ruwa, a bakin kogunan Mersey da Tyne inda suke faɗawa teku. Nan ma mazan na ɗauke da furotin ɗin, wasu har da 'ya'yan ƙwai a marainansu.

Abin da ke jawo shi sinadarin istirojin ne, wato sinadarin jiki mai tafiyar da al'amuran haihuwar mace, da ke fita cikin fitsari, da irinsa na cikin ƙwayar tsarin iyali, da wasu sinadaran wankin masana'antu da jikin kifi ke ɗauka tamkar istirojin. Ƙanƙantar adadin ce ta fi ba ni tsoro. A wani tafkin gwaji a Kanada, daga 2001 zuwa 2003, an riƙa zuba istirojin irin na ƙwayar tsarin iyali, nanogiram 5 zuwa 6 kacal a kowace litar ruwa (nanogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram). Wani ɗan ƙaramin kifi ya kusa ƙarewa ƙaf a tafkin, don haihuwa ta tsaya.

Maman Hanif:
Baban Amira, a yi hattara kada mutane su karanta su ɗora wa mata laifi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san yadda magana irin wannan ke yawo a unguwa har mace ta bar maganinta. Kowane ɗan Adam yana fitar da istirojin, mai ciki ta fi kowa, shanu ma haka. Laifin yana wurin zuba ƙazanta a ruwa ba a gyara ta ba. Alhaji, ni abin da zan fi jiye maka a ruwan masai ɗanye shi ne kwalara da taifot. Yaranka masu gyaran kifi su riƙa wanke hannu da sabulu, kifin kuma ya gasu har ciki.

Baban Amira:
Gaskiyarki, Hajiya. Wuta na kashe ƙwayar cuta, shi kuwa wannan sinadari ɓarnarsa ta fi yawa a kan kifin da ke shan ruwan dare da rana. Kuma da ido ba za ka gane ba, Alhaji, sai an yanka marainan an duba da madubin likita. A nan gida ma masana a Jami'ar Ibadan sun sami gargaza mata-maza a tafkin Eleyele da ke Ibadan. A Kanada kuwa, da aka daina zuba sinadarin, kifin ya dawo bayan 'yan shekaru.

Ɗan Agege:
Allah ya saka da alheri. Ranar Juma'a muna da zama da shugabannin masunta, zan kai masu maganar motocin nan. Baban Amira, in da hali ka turo mani bayanin Eleyele ɗin, akwai mai karanta masu da Yarbanci.