Neman shawara: ina biyan kuɗin talla, amma ciniki bai motsa ba

Assalamu alaikum. Ina sayar da takalma da jakunkuna ta intanet, kuma wata uku ke nan ina biyan kuɗi domin a yaɗa hotunan kayana a Facebook da Instagram, ta hanyar danna maɓallin tallatawa da ke ƙarƙashin kowane hoto. Mutane suna gani, suna yabawa, wasu ma su aiko da saƙo suna tambayar farashi, amma da zarar na amsa sai a yi tsit kamar an ɗauke wuta. Jiya na ƙirga saƙonni goma sha ɗaya, babu ko ɗaya da ya kai ga ciniki.

Zargin da nake yi wa kaina shi ne na zaɓi manufar tallar da ba ta dace ba, wato abin da ake so masu ganin tallar su yi, domin tsarin yana kai talla ne ga waɗanda suka fi yin abin da aka nema, kuma mai yawan danna alamar so ba lallai ya zama mai saye ba. Haka kuma na karanta cewa talla tana buƙatar sakamako kusan 50 cikin kwana 7 kafin ta daidaita, alhali ni, saboda gajen haƙuri, kusan kullum sai na sauya hoto ko shekarun waɗanda nake nufa.

Don Allah, waɗanda suka goge a wannan harka, shin in bar wancan maɓallin in koma Ads Manager, wato shafin Facebook na tsara talla dalla-dalla, gaba ɗaya ne, ko kuwa da ɗan ƙaramin kasafi irin nawa hakan ba zai canza komai ba? Kuma kwana nawa ya kamata in bar talla ba tare da na taɓa ta ba?