Masu ziyartar shafina sun ƙaru, ciniki kuwa bai motsa ba: wace ƙididdiga zan duba?

Mai Shadda, Ƙofar Kaura:

Assalamu alaikum. Ina sayar da shadda da atamfa da leshi a birnin Katsina, kuma ina da shafin intanet inda nake sa hotunan kaya da farashinsu, wanda ya ga abin da ya yi masa sai ya danna maɓallin WhatsApp mu ƙarasa ciniki. Wanda ya haɗa mini shafin ya sa Google Analytics, manhajar da ke ƙirga masu ziyartar shafi, a ciki, ina kuma biyan kuɗin talla a Facebook da Instagram, musamman idan Sallah ta ƙarato. Damuwata ita ce, duk lokacin da na biya talla adadin masu shigowa yakan hau, amma cinikin yana nan yadda yake. Ban da haka, ƙididdigar tana nuna cewa yawancinsu daga Legas da Abuja suke, alhali masu sayen kayana mutanen Katsina ne da Daura da Funtuwa. Wane ɓangare ya kamata in dogara da shi kafin in sake kashe kuɗi?

Mai haɗa shafuka, Katsina:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Batun Legas da Abuja kada ya tayar maka da hankali, domin manhajar tana kintatar gari ne daga adireshin intanet na mai ziyara, kamfanonin waya kuwa sukan bi da masu amfani da layinsu ta cibiyoyinsu da ke manyan birane, sai mutum yana zaune a Ƙofar Marusa a rubuta shi a Legas. Saboda haka kada ka karkatar da tallarka zuwa kudu a kan wannan hujjar kaɗai.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne maɓallin WhatsApp ɗin nan, tunda ta nan kuɗinka ke shigowa. Ka sa wanda ya haɗa shafin ya saita Google Analytics 4, wadda ta maye gurbin tsohuwar tun ranar 1 ga Yulin 2023, ta riƙa ƙirga kowane danna maɓallin a matsayin muhimmin aiki. Daga nan sai ka daina tambayar mutum nawa suka shigo, ka koma tambayar mutum nawa suka danna, kuma ta wace hanya suka zo. Don hanyar ta fito fili, kowane mahaɗi da za ka sa a talla a liƙa masa alamar UTM, wato ɗan rubutu a ƙarshen mahaɗin mai ɗauke da sunan dandalin da sunan tallar, na Facebook daban, na Instagram daban, na rukunonin WhatsApp daban. Idan ba a yi haka ba, da yawa daga masu zuwa ta WhatsApp sukan faɗa rukunin waɗanda suka shigo kai tsaye, sai yabon ya tafi ga tallar da ba ita ta kawo su ba.

Ka kuma duba yawan ziyarar da aka tsaya aka duba kaya. A ƙa'idar manhajar, irin wannan ziyarar ita ce wadda ta wuce daƙiƙa 10, ko aka buɗe shafi 2 ko fiye, ko aka yi muhimmin aiki a cikinta. Tallar da ke kawo jama'a su juya nan take, kamar masu leƙa rumfa ne su wuce ba su taɓa yadi ba.

Hajiya mai turaren wuta, Daura:

Alhaji, ni abin da zan ƙara shi ne, danna maɓalli ba saye ba ne, kuma manhajar ba ta ganin abin da ke faruwa bayan an shiga WhatsApp. Ana iya shirya mahaɗin ya zo da rubutaccen saƙo mai ambaton kayan da mutum yake kallo, ta yadda da saƙon ya iso ka san daga wane shafi ya taso. Ni ina rubuta su a littafi, wanda ya tambaya da wanda ya biya, a ƙarshen mako in haɗa da ƙididdigar. Ta haka na gane cewa kayan da aka fi kallo ba lallai su ne aka fi saye ba. Sannan ka gwada shafinka a PageSpeed Insights, mai auna saurin buɗewar shafi, kyauta ne. Mutanenmu da waya suke shiga, data kuma da tsada, hoton leshi mai nauyi yana iya korar mai saye tun bai buɗe ba.

Ɗalibin ƙididdiga, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa:

Na yarda da abin da Malam da Hajiya suka faɗa, sai dai ina da gargaɗi game da kwatance. Cinikin yadi yana bin azumi da Sallah da lokacin bukukuwan aure, watannin Musulunci kuwa suna matsowa da kusan kwana 11 a kowace shekara, don haka kwatanta Maris na bana da Maris na bara zai iya ɓatar da kai. Ka kwatanta makonnin kafin Ƙaramar Sallah da takwarorinsu na bara. Kada kuma ka yanke hukunci a kan talla saboda abin da ka gani a yini ɗaya ko biyu, domin idan adadin ya yi kaɗan, sa'a ce kawai take juya shi.

Akwai kuma Google Search Console, wanda ke nuna ainihin kalmomin da mutane suka rubuta kafin shafinka ya bayyana musu, har na tsawon watanni 16. Idan ka ga ana neman kayan lefe kai kuma ba ka ware musu shafi ba, to ka ware. Lambobin wayar da kake tarawa kuma amana ce, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe su, kada a ba wani ko a riƙa tura talla ba da yardar masu su ba.

Mai Shadda, Ƙofar Kaura:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Zan dakatar da tallar Instagram har sai an saita ƙirgar maɓallin da alamomin. Malam, idan an saita yau, za ta ƙirgo waɗanda suka danna a baya, ko daga ranar za ta fara?

Mai haɗa shafuka, Katsina:

Daga ranar za ta fara, Alhaji, don haka gara a yi shi tun azumi bai kama ba.