Neman shawara: an gayyace ni koyarwa a makarantar ƙauyen Karen a Tailan

Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin Kristi. Ni malamar firamare ce, shekarata shida ina koyar da Turanci da lissafi. Wata ƙawata da muka yi karatu tare, wadda yanzu take aiki a Chiang Mai, ta haɗa ni da wata makarantar ikilisiya a wani ƙauyen 'yan ƙabilar Karen, a lardin Tak, kan tuddan da ke kusa da iyakar Tailan da Myanmar. Mai aikin sa kai suke nema ya koya wa yara Turanci. Babu albashi, sai ɗaki da abinci. Zumuntar mata ta ce za ta yi mini baiko na kuɗin jirgi.

Inda nake aiki za su ba ni hutun wata uku, amma makarantar shekara guda take so, kun ga sai na ajiye aiki ke nan. An kuma ce mini da yawa cikin yaran iyayensu mabiya Buddha ne, ni kuma abin da ya ja ni tun farko marmarin kai bishara ne. Ga mama, tunda ta ji ana yaƙi a yankin ta daina barci. Ku ba ni shawara don Allah.

Wani malami a Bangkok:
Ƙanwata, a fara da maganar takarda. A dokar Tailan aikin sa kai ma aiki ne, sai da bizar da ta dace da takardar izinin aiki. Kada ki yarda ki shigo da bizar yawon buɗe ido ki tsaya gaban allo. Ranar da jami'an shige da fice suka zo, "ai ba a biyana" ta zama na shiga ban ɗauka ba. Makarantar ko gidauniyar da ke riƙe da ita ce za ta aiko miki da wasiƙar gayyata da takardun rajistarta ki kai ofishin jakadancinsu a Abuja. In sun fara hanya-hanya a kan wannan, ki janye.

Sannan ki tabbatar makarantar tana nan da gaske. Daga Mae Sot, garin bakin iyaka a lardin Tak, in ka tsallake kogin Moei ka shiga Myawaddy ta Myanmar, inda gidajen damfarar intanet suke, kuma an sha yaudarar 'yan Afirka da alƙawarin aiki a Tailan, a ɗauke su daga filin jirgi a tsallaka da su. Ƙawarki ta je ƙauyen da ƙafarta? Tambaye ta wannan. Kuma ita za ta tarbe ki, ba direban da ba ki sani ba.

Baba Fasto mai ritaya:
'Yata, Ubangiji ya albarkaci niyyarki. Sai dai kalmar nan "kai bishara" ta tsaya mini, bari in ɗan yi miki tarihi. Mutumin Karen na farko da aka yi wa baftisma, Ko Tha Byu, a 1828 ne. Tsohon ɗan fashi ne, ya zama mai bishara yana bin ƙauyukan mutanensa. Mishan ɗin Baptis na Amurka suka tsara musu rubutu daga haruffan Bama, wato Myanmar ta yau, Francis Mason ya gama fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya cikin Sgaw, ɗaya daga harsunan Karen, a 1853. Mu namu na Hausa cikakke sai 1932 ya fito. Lissafa ki gani, ke malamar lissafi ce. Lokacin da su Bingham, mishan ɗin da suka kafa SIM, suka sauka Legas a 1893, Karen sun daɗe da fastocinsu da makarantunsu.

Suna da wani tsohon labari na littafin da kakanninsu suka ɓatar, wanda ɗan'uwansu zai dawo musu da shi wata rana. Shi ya sa karatu yake da daraja a wurinsu. To ikilisiyar da za ki tarar ta girmi tamu. Malamar Turanci suka nema, ki je a matsayin malamar Turanci, ki zauna ƙarƙashin fastonsu da dattawansu. Baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Wani ɗan'uwa daga Kafanchan:
A gafarce ni. Gida bai ƙoshi ba za a kai wa dawa? Ƙauyuka nawa ne a nan malami ɗaya ke riƙe da aji uku? Kuɗin jirgin nan kaɗai zai sayi benci da yawa.

Wata mama da ta yi shekara kusa da Mae Sariang, a yankin Karen na arewacin Tailan:
Ɗan'uwa, maganarka tana da nauyi, amma ita za ta auna ta tsakaninta da Ubangijinta. Ni abin da na gani zan faɗa.

Wata uku bai isa ba, 'yata. Watan farko a koyon sunaye zai ƙare, domin ba su da sunan iyali, sai dai Saw a gaban sunan namiji, Naw a gaban na mace. Yaran a gida Karen suke yi, a makaranta harshen Tai, Turancinki na uku ne. Ga kunya, yaro zai iya yin sati biyu bai ɗaga kai ya dube ki ba. Daidai lokacin da suka saki jiki suka fara kiranki "tharamu", wato malama, ke kuma kin fara ɗaure kaya. Na ga masu zuwa na sati biyu, kowa ya zo ya koya musu launuka da sunayen dabbobi, a ɗauki hoto a tafi, na gaba ya zo ya sake launuka. Shekarar karatu tsakiyar Mayu take farawa ta ƙare a Maris, da hutu a Oktoba. In shekara ta gagara, ki riƙe zango guda cikakke, ki bar wa malaman Karen rubutaccen tsarin darasi.

Maganar 'ya'yan mabiya Buddha kuwa, ki taka a hankali. Ba duk Karen ne Kirista ba, masu bin Buddha da addinin gargajiya sun fi yawa. Kuma akwai tabo: a 1994 sojojin Karen mabiya Buddha suka ɓalle daga KNU, ƙungiyar Karen da ke yaƙi da gwamnatin Myanmar, suna ƙorafin Kiristoci sun danne su, farkon 1995 hedkwatar KNU ta Manerplaw ta faɗi. Iyayen nan amana suka ba makarantar. In kin ga farin zare a wuyan hannun yaro, al'adarsu ce ta ɗaurin zare, kada ki sa baki. Sujadar safe makarantar tana da tsarinta, ki bi shi. Wanda ya tambaye ki dalilin zuwanki, ki gaya masa gaskiya.

Ki cire takalmi kafin ki hau gida, kada ki dafa kan yaro. Shinkafa ce safe, rana da dare, da dakakken barkono da wani kifi da ake tsimawa, warinsa ya fi na daddawa, amma za ki saba. Jan bakin tsofaffi ba jini ba ne, wani abin taunawa ne kamar goronmu. Ki tafi da rigar sanyi, Disamba a kan tudun nan sai ki ce Jos.

Wata nas:
Katin rigakafin shawara dole ne ga mai fitowa daga Najeriya. Ki tafi da gidan sauro, akwai zazzaɓin cizon sauro mai bijire wa magani a bakin iyakar, ga dengue da damina, shi kuma sauronsa da rana yake cizo. Ki yi inshorar lafiya. Ki gaya wa mama yaƙin a tsallaken kogi yake, cikin Myanmar. Tun 1949 ake yinsa, ya ƙara zafi bayan juyin mulkin Fabrairun 2021. Amma ki tambayi nisan ƙauyen da kogin, kuma kowa ya ce ki zo a leƙa tsallake, ki ce a'a.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na lissafa, shekara 79 ce, jikina ya yi sanyi. Yaya na Kafanchan, maganarka ta hana ni barci, ban gama da ita ba. Na kira ƙawata, ta ce sau biyu ta kwana a ƙauyen, kuma gobe zan rubuta musu su aiko da takardun rajista. Zan je wurin shugaban makarantarmu in roƙi hutun Mayu zuwa Oktoba ba albashi. Mama ta Mae Sariang, zan iya shiga da yaji da kuka a jaka, ko za su ƙwace a filin jirgi?