"Ruwa ba ya tsami banza": ta dace da abin da ya faru a jihar Jojiya ko ba ta dace ba?

Malam Habu Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata karin magana da nake so mu baje ta a faifai: "Ruwa ba ya tsami banza." Wani abokina ne ya jefo ta muna hirar zaɓen Amurka, kan jihar Jojiya. Tun da Bill Clinton na Democrat ya ci jihar da ƙyar a 1992, zaɓen shugaban ƙasa shida a jere jam'iyyar Republican ke lashe ta. Sai a 2020 Joe Biden na Democrat ya kayar da Donald Trump da ratar ƙuri'a 11,779 cikin ƙuri'u kusan miliyan biyar. Abokin nawa ya girgiza kai ya ce ruwa ba ya tsami banza, nufinsa an yi maguɗi. Ni kuwa a ganina karin maganar cewa kawai take yi akwai dalili, je ka nemo shi. Ba ta ce dalilin laifi ne ba. Me kuka gani?

Baba Ɗanladi:
Wa alaikumus salam Malam Habu. Abokinka bai yi wa Hausa karan tsaye ba. Tun tasowarmu ba mu ji an faɗi wannan magana kan abin farin ciki ba. Yaron da bai saba gaishe ka ba ya fara durƙusa maka har ƙasa, ko maƙwabcin da kuke gaba ya fara aiko maka da kwanon tuwo, nan ne tsohuwa za ta ce ruwa ba ya tsami banza. Zargi ne a ciki, akwai lauje cikin naɗi. Duk wanda ya ɗora ta a kan sakamakon zaɓe, ko ya sani ko bai sani ba, ya riga ya yi tuhuma. In dai sauyin nan a hankali ya zo, ina ganin "Da yayyafi kogi kan cika" ta fi dacewa.

Malam Habu Fagge:
Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda an fi faɗin ta cikin zargi. Amma ai tuhumar nan an bi ta har gida. An sake ƙirga ƙuri'un Jojiya da hannu, ɗaya bayan ɗaya, aka kuma sake ƙirgawa da na'ura, Biden ne dai a gaba. Jami'in da ke kula da zaɓen jihar, Brad Raffensperger, ɗan Republican ne, gwamna Brian Kemp ma haka. Ranar 2 ga Janairu 2021 Trump da kansa ya kira Raffensperger a waya yana neman a samo masa ƙuri'a 11,780, mutumin ya ƙi. To in an leƙa randar ba a ga an zuba komai ba, ruwan kuma ya sauya ɗanɗano, ba sai a koma a duba rijiyar da aka ɗebo shi ba?

Hajiya Rabi, Gwinnett:
Baba ina gaisuwa, Malam Habu sannu da ƙoƙari. Ni a nan nake zaune, gundumar Gwinnett, arewa maso gabas da birnin Atlanta, don haka bari in faɗi abin da ido ke gani. A 1990 mutanen gundumar nan ba su wuce dubu ɗari uku da hamsin da 'yan kai ba, kuma kusan duk farar fata ne. Ƙidayar 2020 ta nuna sun haura dubu ɗari tara da hamsin, farar fata kuwa sun koma wajen kashi ɗaya cikin uku. In ka bi titin Pleasant Hill a garin Duluth, allunan shaguna da rubutun Koriya za ka yi ta gani, ga gidajen abincin 'yan Meziko da na 'yan Biyetnam, ga shagon 'yan Afirka ta Yamma inda nake sayen manja da garin rogo. A layinmu, gida na dama baƙar fata ne da suka taso daga New York saboda tsadar haya, na hagu 'yan Indiya ne masu aikin kwamfuta.

Su baƙar fatan nan, kakanninsu ne suka gudu daga kudu zuwa arewa saboda wariyar launin fata, yanzu jikoki ke dawowa saboda aiki da arahar gidaje. Baƙar fata kusan kashi ɗaya cikin uku ne na mutanen jihar baki ɗaya. Sakamakon zaɓe ma ya bi sawu: a 2012 Mitt Romney na Republican ne ya ci Gwinnett da ratar kusan maki tara, wato kashi tara cikin ɗari na ƙuri'u, a 2016 Hillary Clinton ta Democrat ta karɓe ta, a 2020 Biden ya ba da ratar kusan maki goma sha takwas. Wanda ke kallo daga nesa shi zai ce dare ɗaya aka yi. Ni dai ina bayan Baba, yayyafi ne.

Nasiru Ɗan Zariya:
Hajiya, ina neman afuwa, yayyafi kaɗai bai isa bayani ba. In zuwan baƙi da yawan ƙabilu ne ke juya jiha, da Tekzas ta daɗe da juyawa. Mutane na kwarara can, masu asali da Latin Amurka sun kai yawan farar fata, amma rabon Democrat da cin Tekzas tun Jimmy Carter a 1976, kuma a 2024 Trump ya ci ta da kusan maki goma sha huɗu. Fulorida ma da a da ake kokawa a kanta, yanzu ta koma hannun Republican ɗungurungum.

Karin maganar da nake ganin ta dace ita ce "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Ku duba gundumar Cobb. Nan ne mazaɓar Newt Gingrich, jigon Republican da ya shugabanci majalisar wakilai a shekarun 1990. Romney ya ci ta da maki goma sha biyu, amma shekara huɗu kacal bayan haka ta faɗa hannun Hillary Clinton. Baƙi ba su cika Cobb cikin shekara huɗu ba. 'Yan gida ne suka juya baya, farar fata masu digiri da rufin asiri, musamman mata, waɗanda suka saba zaɓen Republican amma halin Trump bai kwanta musu ba. Hujjata ita ce 2022: Kemp ya sake cin gwamna da fiye da maki bakwai, amma Herschel Walker, ɗan takarar sanata da Trump ya ɗaga wa hannu, ya sha kaye a hannun Raphael Warnock na Democrat. Mutum ɗaya ne ya dangwala wa Kemp, ya zo kan Walker ya janye hannu.

Malama Zulai:
Malam Nasiru, alƙalumanka daidai ne, amma karin maganar taka ta tsaya min a rai. Mu duba inda ake faɗin ta. Ana faɗin ta ne idan miji da mata, ko wa da ƙani, suka sami saɓani har munafuki ya sami ƙofar shiga tsakani. Ƙadangaren bare ne, ba shi da gado a gidan. To wane ne ƙadangare a Jojiya? Baƙar fatan jihar sun yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar nan, su suka nome audugarta suna bayi. Ba shigowa suka yi ta tsaga ba, an daɗe ana rufe musu ƙofa ne.

Wannan ne ma abin da ya fi damuna da kalmar nan da ake yawan faɗi, "jihar jam'iyya ɗaya". Kafin Jojiya ta zama ta Republican, ta Democrat ce, kusan shekara ɗari. Ba ta taɓa zaɓen ɗan Republican a matsayin shugaban ƙasa ba sai 1964, da ta bi Barry Goldwater, wanda ya ƙi amincewa da dokar 'yancin jama'a ta shekarar, wadda ta haramta wariyar launin fata. A wancan dogon zamani, harajin zaɓe da jarrabawar karatu da tsoratarwa aka yi amfani da su wajen hana baƙar fata jefa ƙuri'a, sai dokar 'yancin zaɓe ta 1965 ta kawo babban sauyi a kan wannan. Gwamna ɗan Republican kuwa sai a zaɓen 2002 aka samu, Sonny Perdue, na farko tun shekarun 1870. Sau da yawa idan ka ji an ce jiha ta jam'iyya ɗaya ce, ka tambaya su wa ke fitowa zaɓe, su wa kuma suka zauna a gida don sun fid da rai ko an toshe musu hanya.

Nasiru Ɗan Zariya:
Malama, ban kira kowa bare ba. Jam'iyyar Democrat nake nufi da ƙadangare, ba masu zaɓe ba. Kuma akwai inda maganar ta zauna daram. A Jojiya sai ɗan takarar sanata ya haura rabin ƙuri'u, in ba haka ba a je zagaye na biyu. A Nuwamban 2020 David Perdue na Republican yana gaban Jon Ossoff na Democrat, rabin ne kawai bai cika ba. Wata biyu Trump ya yi yana faɗa wa magoya bayansa an sace zaɓe, yana caccakar gwamnan jam'iyyarsa. Ranar 5 ga Janairu 2021 da yawa daga mutanen karkara suka ƙi fitowa, kujerun sanata biyu duka suka tafi Democrat, da su kuma rinjayen majalisar dattawa. In wannan ba tsagewar bango ba ce, mece ce?

Malama Zulai:
A kan zagaye na biyun na ba ka. A kan shekaru ashirin da suka gabace shi ban ba ka ba.

Hajiya Rabi, Gwinnett:
Akwai abin da duk ba ku ambata ba, wato aikin ƙafa. Mutum ya tare a unguwa ba ya nufin sunansa ya shiga rajista. Stacey Abrams, 'yar siyasa baƙar fata ta jam'iyyar Democrat, da ƙungiyar New Georgia Project sun yi shekaru suna bin gida-gida da coci-coci suna yi wa mutane rajista. Ta tsaya takarar gwamna a 2018, Kemp ya kayar da ita da kusan ƙuri'a dubu hamsin da biyar, kuma wannan 'yar ratar ce ta sa masu kuɗin jam'iyya suka gane jihar za ta ciwu. Sannan tun 2016 duk wanda ya je karɓar lasin tuƙi ana sa shi a rajistar zaɓe kai tsaye sai in ya ce ba ya so, kuma gwamnatin Republican ce ta fara hakan. A ranakun farko na jefa ƙuri'a da wuri a Oktoban 2020 na ga layi ya zagaye gini ya fita har wurin ajiye motoci, tsofaffi da kujerun naɗewa, wata mata da jariri a keken turawa tana cewa ko dare zai yi ba za ta tafi ba. Wanda ya tabbata ƙuri'arsa ba za ta sauya komai ba, ba ya irin wannan tsayuwa.

Sagir Katsina:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sa baki. Mun ga makamancin haka a gida. Katsina ta Buhari ce a zaɓukan 2011, 2015 da 2019, amma a 2023 da ba ya kan takarda, ga matsalar 'yan bindiga ga ƙarancin takardun naira, Atiku ya sami 489,045, Tinubu 482,283. Bayan mako uku aka zo zaɓen gwamna, Dikko Raɗɗa na APC ya ci da rata mai yawa. Shi ya sa nake cewa "Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo." Jojiyar ma ai Trump ya karɓe abarsa a 2024 da ƙuri'a sama da dubu ɗari.

Baba Ɗanladi:
Sagir ɗana, ita wannan ana faɗa wa mai gudun abin da ba makawa sai ya same shi, ko mai girman kan da zai dawo ya nemi na gida. Kafin ka ɗora ta a kan jiha, sai ka fara nuna mana ina ne ƙasan. Malama Zulai ta gaya maka Jojiya ta yi kusan ƙarni tana Democrat. In jifa zai koma inda ya fito, can zai koma ke nan, ba wurin Trump ba.

Malam Habu Fagge:
Sagir, Katsina da Jojiya ba ciwo ɗaya ba ne. A Katsina mutanen nan ne dai, fushi suka yi na ɗan lokaci, kuma biyayyarsu ga mutum ɗaya ce. A Jojiya masu zaɓen ne kansu suka sauya. Ka dubi ratar: Romney ya ci da kusan maki takwas a 2012, Trump da biyar a 2016, ya faɗi a 2020, ya dawo da maki biyu da 'yan kai a 2024, a shekarar da ƙasar baki ɗaya ta karkata wajensa. Jihar da ake ci da maki biyu ba ta kowa ba ce, dole duka ɓangarorin su zo su zuba kuɗi su roƙi ƙuri'unta goma sha shida na wakilan jihohi da ke zaɓen shugaban ƙasa. Abin da tambayata ke nema ke nan tun farko, me ya sa aka fara kokawa a kanta, ba wa ya yi nasara ba.

Hajiya Rabi, Gwinnett:
Ƙari kan maganar Malam Habu: ko a 2024 ɗin, gundumar Henry da ke kudu da Atlanta, inda baƙar fata masu matsakaicin hali ke ta sayen sababbin gidaje, Kamala Harris, 'yar takarar Democrat, ta ba da rata fiye da wadda Biden ya ba da. A nan Gwinnett kuwa ratar ta ɗan ragu, don wasu daga cikin 'yan Latin Amurka da 'yan Asiya sun koma Trump saboda tsadar kayan masarufi da haya. Maƙwabcina ɗan Indiya ma yana cikinsu, kuma ya ce min zaɓe mai zuwa bai yi wa kowa alkawari ba.