Wai wanda ya bugu gara ya ja mota da ya taka da ƙafa?

Ɗan Fagge: Jama'a tun jiya na saka wannan magana ba wanda ya tanka. Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Chicago, Steven Levitt, ya yi lissafi a 2009 ya ce in aka auna mil da mil, wanda ya bugu ya tafi gida a ƙasa ya fi wanda ya bugu ya ja mota shiga haɗarin mutuwa har sau 8. To in mashayan direbobinmu na tasha suka ji wannan ai mun shiga uku.

Alhaji Direba: Dakata yaro. Su wa kake ce wa mashaya? Tun kana goye nake hanyar Kano zuwa Kaduna, giya ba ta taɓa shiga bakina ba, ka janye wannan kalma.

Maman Ikram: Alhaji Allah ya huci zuciyarka, amma mashayi ai ba sai mai shan giya ba. Tramol fa? Wanda ya haɗiyi ƙwaya don kar barci ya ɗauke shi ya kwaso mutum 18 a bas me za a ce masa? Kodin ɗin da gwamnati ta hana a 2018 aljanu ke sha?

Alhaji Direba: Hajiya waɗannan 'yan adaidaita ne, ba mu ba.

Sahu Boy: Haba Baba, mu kuma me ya kawo mu ciki? Mu da ko gari ba ma fita, ku ne kuke kwana a hanya kuna jiƙa cikinku da shayi mai haɗi.

Injiniya: Ku dawo kan batun mana. Levitt cewa ya yi mil 1 cikin 140 da ake tuƙawa a Amurka a buge ake tuƙa shi, sai ya ɗauka masu tafiya a ƙasa ma haka ne, bai ƙirga ba, zato ya yi, kuma nan ne masu sukarsa suka kama shi. Sannan mai tangaɗi a gefen titi kansa yake jefawa cikin haɗari, mai mota kuwa da 'ya'yan mutane yake tafiya. Shi Levitt ɗin a 2001 tare da wani masani Jack Porter sun gano direban da ya sha giya ya wuce iyakar doka ya fi wanda bai sha ba jawo haɗarin da ake mutuwa sau 13. Iyakar giya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kashi 0.05 cikin ɗari ce a jini.

Sahu Boy: Injiniya ba a nan take ba, Baba ya fara faɗa mana wa ke sayen abin da ake sayarwa a bayan tasha.

Alhaji Direba: Ubanka ne.

Ɗan Fagge: Ni fa tambaya kawai na yi 😂

Admin: To ya isa haka. Abin da ya fito fili shi ne binciken na Amurka ne, bai shafe mu ba, kuma an ci mutuncin direbobi masu neman halak ba tare da hujja ba, ni kaina mahaifina direba ne. Ɗan Fagge ka ba Alhaji haƙuri. Sahu Boy an cire ka na kwana uku. Na rufe.